Ba A Ranar Gidauniya Ake Gane Lafiyar Ƙungiya Ba

 

Duk wanda ya zaga garuruwan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura zai tarar da ƙungiyoyin alheri birjik: ga kwamitin masallaci, ga na makarantar Islamiyya, ga na tallafa wa marayu, ga na zakka. Akasarinsu da kyakkyawar niyya aka kafa su. Amma sau da yawa sai a yi taron gidauniya, manyan baƙi su hallara, a shelanta maƙudan kuɗi ta lasifika, bayan shekara uku kuma ka ga ginin ya tsaya a linta, malamai suna bin albashin wata huɗu. Dalili kuwa shi ne muna auna ƙarfin ƙungiya da abin da ta tara rana ɗaya, alhali ƙarfinta yana ga mutanen da ke dawowa su bayar shekara bayan shekara. Wannan kuwa ba a iya saninsa sai da rubutu.

Rubuta dukiyar jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi lokacin da ya komo daga karɓar zakka, ya kuma tsawata masa da ya ce wani kaso kyauta aka yi masa. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi shi ya kafa diwani, aka jera sunayen masu haƙƙi a baitulmali da rabon kowannensu. Abin da zamani ya ƙara kawai shi ne na'ura. Akwai manhajoji na kwamfuta da aka tsara musamman domin ajiye bayanin masu ba da gudummawa: suna, gari, ranar bayarwa, adadi, da abin da aka bayar dominsa. Ƙaramar ƙungiya ma ba sai ta sayi mai tsada ba, domin shafin Excel ya wadatar da ita in an samu mai kula. Masu ilmin nan kuwa ba su yi wa yankin nan nisa ba, tun da ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin garin Kazaure.

To, in an rubuta, me za a tambayi na'urar?

Tambaya ta farko: cikin waɗanda suka bayar bara, mutum nawa suka sake bayarwa bana? Wannan shi ne ma'auni mafi girma. Mu ɗauka, a misali, mutum 200 suka taimaki wata Islamiyya bara, bana kuma 90 daga cikinsu suka dawo. Ke nan kashi 45 cikin ɗari aka riƙe, mutum 110 sun sulale. Ko da jimlar kuɗin bana ta ɗara ta bara saboda wani attajiri ya yi bajinta, makarantar tana yoyo kamar tulu mai tsaga. A Amurka, inda aka daɗe ana wannan ƙididdiga, ana samun cewa masu dawowa ba su kai rabi ba, cikin masu bayarwa karo na farko kuwa ko ɗaya cikin huɗu ba ya dawowa. Na'urar za ta fito da sunayen waɗanda suka daina, sai a bi su da ziyara da godiya da bayanin inda kuɗinsu ya shiga. Da yawa ba rowa ta hana su ba, shiru suka ji.

Ta biyu: a wuyan mutum nawa ƙungiyar ta rataya? In ya zama attajirai uku ne ke ɗauke da kashi biyu cikin uku na kuɗin shiga, to rasuwar ɗaya ko karayar jarinsa ta isa ta rufe makaranta. Haka nan ƙungiyar da ta jingina da mai riƙe da muƙamin siyasa, ranar da ya sauka sai ta wayi gari marainiya. Ma'aikata ɗari da ke cire ɗan abu kaɗan daga albashinsu kowane wata sun fi amfani ga ɗorewa bisa ga alkawarin miliyoyi na rana guda. Wannan ya dace da hadisin Nana A'isha da ya nuna cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da ƙanƙane ne. A kuma rubuta alkawari daban, abin da ya shiga hannu daban, domin bambancinsu kan ba da mamaki.

Ta uku: me kuɗin ke iya saye? Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar naira ta faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ya haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Saboda haka ƙungiyar da ta tara naira miliyan ɗaya a 2022, ta sake tara miliyan ɗaya a 2024, ja da baya ta yi. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. Ya kamata ma'aji ya riƙa rubuta farashin buhun gero kusa da jimlar kowace shekara, a ga buhu nawa aka samu. Tun da yake mutanen yankin nan manoma ne, gudummawa mai yawa da hatsi take zuwa lokacin kaka, sai a shigar da ita da mudunta da buhunta, kada a ce ba kuɗi ba ce a bar ta a baki.

Ta huɗu: wata nawa ƙungiyar za ta iya tafiya in ba a kawo ko kwabo ba? Kuɗi kan taru da azumi da kaka, su ƙafe da bazara da tsakiyar damina, lokacin da mabukata suka fi yawa. Lissafin wata-wata zai nuna watannin ƙunci tun kafin su zo. Maganin dindindin kuwa shi ne waƙafi, wato hubusi. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara ya sadaukar da amfaninta, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Da waƙafi masallacin Ƙarawiyyin na Fas, wanda aka kafa a 859, da Azhar ta Masar, wadda aka aza harsashinta a 970, suka rayu ɗaruruwan shekaru. Rumfar kasuwa ko gona da aka tsayar wa makaranta ta fi gidauniya goma.

Sai dai akwai sharuɗɗan Shari'a da na'ura ba za ta kiyaye mana ba. Wajibi ne a ware zakka daga sauran sadaka, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin ta gida takwas, a mazhabar Imamu Malik kuwa ba a gina masallaci da ita. Abin da aka bayar domin marayu ba a karkatar da shi ga sayen lasifika. Sa'an nan sunayen masu bayarwa amana ne. Wanda ya ɓoye sadakarsa domin tsoron riya, a sa masa lamba maimakon suna, kada a miƙa jerin ga ɗan siyasa ko a yi wa wani gori da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta tsananta a kan haka. Na'ura kuma abin da aka zuba mata take mayarwa, don haka mai karɓar kuɗi daban, mai shigarwa daban, kowace gudummawa da rasidinta.

Ya ku attajirai da ma'aikata, in wata ƙungiya ta zo neman taimako, ku tambaye ta waɗannan abubuwa huɗu kafin ku zura hannu aljihu. Wadda ta amsa da takarda a hannu, ku riƙe ta da kyau. Wadda ta kasa, ku taimake ta da wanda zai tsara mata lissafi, domin wannan ma sadaka ce mai gudana.

Allah Ya sa mu cika amanar da ke wuyanmu, Ya karɓi ayyukanmu, amin.