Tsirran da Suke Zama a Kan Bishiya Ba Su Cuce Ta Ba

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kauci, wanda yake maƙalewa a reshen kaɗanya ko ɗorawa, ya soka saiwarsa cikin itacen yana tsotsar ruwansa har reshen ya bushe. Shi ya sa da mun ga tsiro a kan bishiya sai mu ɗauke shi mugun baƙo. To amma a dazuzzukan tsaunukan Kamaru akwai wasu tsirrai da suke zama a kan bishiya ba su taɓa abincinta ba. Masana suna kiransu efifit. Masauki kawai suke nema a wurinta. Ruwansu daga hazo da raɓa da ruwan sama yake zuwa, abincinsu kuwa daga ƙura da ruɓaɓɓen ganye. A cikinsu akwai gansakuka, da furannin orkide, da tsirrai masu ganye kamar gashin tsuntsu waɗanda ba sa fure.

Abin da ya fi kowane hukunci a kan inda za su zauna shi ne laima. Tsiron da ba shi da saiwa a ƙasa ba shi da rijiya. Idan iskar teku ta bugi tsauni sai ta hau, kuma a kowace mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, sai tururin da ta ɗauko ya daskare ya zama gajimare. A Debundscha, gindin Dutsen Kamaru ta ɓangaren teku, ruwan shekara yakan haura milimita 10,000, alhali na Yamai ba ya wuce 600 a matsakaici. Sai dai yawan ruwan ba shi ne kan maganar ba. Abin lura shi ne tsawon kwanakin da reshe zai yi bai jiƙe ba. Saboda haka tsakiyar tsauni, inda gajimare yake sauka kusan kullum ko da rani, ta fi gindinsa yawan ire-iren waɗannan tsirrai. Can sama kuwa sanyi yakan kori yawancin orkide, gansakuka ta gaje wurin, har a kai inda daji ya ƙare ciyawa ta karɓa.

Ko a bishiya guda ma ba ko'ina ne daidai ba. A shekarar 1974 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Dick Johansson, wanda ya yi bincike a tsaunukan Nimba na Laberiya, ya kasa bishiya kashi 5, daga gindi zuwa ƙarshen rassa. Gindi yana da inuwa da laima amma ba haske. Ƙarshen rassa yana da haske amma rana da iska suna busar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Mafi albarka su ne manyan rassan da suka kwanta a tsakiya, inda ganye yake taruwa ya ruɓe har ya zama ƙasa a sararin sama. Kowane tsiro da dabarar da aka hore masa. Wasu orkide suna da kumburi a kara inda suke ajiye ruwa kamar salka, wasu kuma ba sa buɗe ƙofofin ganyensu sai da dare, don kada zafin yini ya kwashe ɗan abin da suka tara. Akwai wanda yake shimfiɗa ganyensa kamar kwando yana tare shara, ya yi wa kansa taki.

Ɓawon bishiya ma da nasa rabon. Tsohuwar bishiya mai kaushin ɓawo tana riƙe ruwa da iri. Mai santsi, ko wadda take saɓa kamar itacen turare, ba ta ba baƙo wurin kamawa.

A nan ne maganar ta shafi iyalai. Dajin Kilum-Ijim, wanda ya kewaye Dutsen Oku mai tsayin mita 3,011, shi ne mafi girman abin da ya rage na dajin tsauni a yankin Bamenda. Gansakukar da ta lulluɓe rassansa tana tatsar hazo, ta ɗiga shi ƙasa sannu a hankali, ta taimaki ƙoramun da ƙauyuka suke sha lokacin hunturu. Daga furannin bishiyoyinsa ake samun farar zumar Oku, wadda ta sami rajistar kariyar suna a 2013. Tun 1987 aka fara aikin kare dajin tare da mutanen wurin, domin gobara da noma da kiwon awaki sun riga sun ci babban sashensa.

A ganinmu kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa dashe yana mayar da abin da gatari ya cire. Idan aka sare manyan bishiyoyi, iska da rana suna kutsawa, laimar da ke cikin dajin ta ragu, tsirran da ke kan bishiyoyin da aka bari ma su fara bushewa. Ana iya cika gangare da itacen turare cikin ƴan shekaru, daga nesa a ga kore shar, amma idan aka matso aka ɗaga kai sai a tarar rassan fayau suke.