Lamba Ta Nawa Za a Rufe Ƙofa? Yadda Ake Samun Gurbin Karatun Kwamfuta a Indiya

Da zarar watan Yuni ya kama a Indiya, tambaya ɗaya ce ke yawo a duk gidan da ke da yaron da ya gama sakandare a fannin kimiyya: a kan lamba ta nawa za a rufe ƙofar karatun kwamfuta bana? Jaridu su buga hasashe, makarantun lesin na kuɗi su fitar da jadawali, shafukan intanet su buɗe wurin da ɗalibi zai zuba makinsa a gaya masa makarantar da za ta ɗauke shi. Duk wannan hidima kuwa a kan lambar da babu hukumar da ta yanke ta ake yi, babu kuma wanda ke sanin ta sai bayan an gama rabon gurabe.

Tsarin nasu ya sha bamban da wanda muka saba da shi. A Najeriya ɗalibi kan ce ya ci 250 cikin 400 a JAMB, a taya shi murna ko a ba shi haƙuri. A Indiya ba a cika damuwa da makin ba, abin da ake tambaya shi ne, kai ne na nawa a ƙasa baki ɗaya? Wanda ya zo na 60 da wanda ya zo na 600 duk haziƙai ne, amma ƙofofin da ke buɗe wa na farkon a rufe suke ga na biyun.

Matakin farko shi ne jarrabawar JEE Main, wadda hukumar NTA ke shiryawa tun 2019, sau biyu a shekara, a Janairu da Afrilu. Darussa uku ne: lissafi, fiziks da kemistiri. Jimillar maki 300 ce. Amsa daidai maki huɗu, kuskure kuma a zare wa mutum maki ɗaya, don haka cinke yana da kasada. Tun da fiye da mutum miliyan ɗaya ke zama, ba a iya yin ta rana ɗaya da takarda ɗaya. Ana raba su rukuni-rukuni, wasu da safe wasu da yamma, kwanaki da dama, kowane rukuni da nasa tambayoyin. Domin kada wanda takardarsa ta yi tsauri ya cutu, sai a mayar da makin kowa zuwa ma'aunin da suke kira fasentayil, wato kashi nawa cikin ɗari na waɗanda kuka zauna tare ka kamo ko ka wuce.

A nan ɗalibai da yawa ke fara ruɗar kansu. Yaro ya ga ya sami 99, gida ya ɗauki guɗa. To amma idan mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu suka zauna, kashi ɗaya cikin ɗarin da ke gabansa mutum 14,000 ne. Da a ce miliyan ɗaya ne suka zauna, da 10,000 ne a gabansa. Ƙoƙarinsa bai canza ba, yawan jama'a ne ya tura shi baya da mutum 4,000.

Mutum 250,000 na sama ne ake bari su shiga mataki na biyu, JEE Advanced, takarda biyu a rana ɗaya, kowacce awa uku, kuma sau biyu kacal ake yarda mutum ya gwada, a shekaru biyu a jere. Tun da adadin masu wucewa a ƙayyade yake, duk shekarar da masu zama suka ƙaru sai shingen ya ƙara tsawo. Ga waɗanda ba su cikin wani kaso na musamman, fasentayil ɗin da ake buƙata kusan 88 ne a 2022, ya kusa 91 a 2023, ya haura 93 a 2024. Ta wannan jarrabawa ta biyu ake shiga cibiyoyin fasaha na IIT, guda 23, waɗanda aka fara da ta Kharagpur a 1951, sannan Bombay a 1958, Madras da Kanpur a 1959, Delhi a 1961. A 2024 kimanin mutum 180,000 suka zauna, kimanin 48,000 suka yi nasara, gurabe kuma ba su kai 18,000 ba a dukkan fannoni. Cibiyoyin fasaha na NIT guda 31 da wasu makarantun gwamnatin tarayya su kuma da matsayin JEE Main suke ɗauka.

Rabon gurabe yana hannun wata hukumar haɗin gwiwa mai suna JoSAA, wadda aka kafa a 2015. Kowane ɗalibi zai jera abin da yake so bi da bi: na ɗaya kwamfuta a Bombay, na biyu kwamfuta a Delhi, na uku lantarki a Bombay, haka har ya gaji. Sai na'ura ta fara daga wanda ya zo na ɗaya a ƙasa ta ba shi zaɓinsa na farko, ta gangaro kan na biyu, ta gangaro kan na uku. Duk wanda aka iso kansa, za a ba shi mafi girman zaɓinsa da ke da sauran gurbi. Idan gurbin ƙarshe na wani kwas ya cika, lambar wanda ya cike shi ita ce lambar rufewa ta wannan kwas a wannan shekarar. Kamar mota ce a tasha: direba ba ya sanar da cewa fasinja na kaza ne zai zama na ƙarshe, kujeru ne ke ƙarewa, sannan a duba a ga wa ya zauna a ta ƙarshen.

Saboda haka abin da ake sayar wa iyaye da sunan hasashen bana, lambobin bara ne da na bara waccan aka ɗan yi musu kwaskwarima. A saman jerin hasashen kan yi daidai, domin ɗabi'ar na gaba-gaba ba ta cika sauyawa ba. Shekaru da dama ke nan kwamfuta a IIT Bombay na rufewa tsakanin lamba 60 da 70 ga masu gasar kowa-da-kowa. Ta Delhi ta kan rufe ɗari da 'yan kai, ta Madras ƙasa da 200, ta Kanpur ɗari biyu da wani abu. Ke nan kafin a kai kan mutum na 300 a ƙasa mai mutum biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu, waɗannan ƙofofi huɗu duk sun rufe. Amma da an gangara zuwa sababbin IIT da cibiyoyin NIT, inda ake rufewa a dubbai, lambar kan yi tsalle da ɗaruruwa daga shekara zuwa shekara. Makaranta ta ƙara kujera talatin, ko ta buɗe sabon kwas na ƙirƙirarriyar basira da zai janye wasu ɗalibai, ko labari ya bazu cewa kamfanoni ba su ɗauki 'yan ajin ƙarshe da yawa ba, kowanne cikin waɗannan ya isa ya motsa ta.

Sannan kwas ɗaya a makaranta ɗaya ba lambar rufewa ɗaya gare shi ba. Dokar Indiya ta ware kashi 15 cikin ɗari na gurabe ga al'ummomin da tsarin bambancin asali ya danne tun fil azal, kashi 7.5 ga ƙabilun da aka keɓe, kashi 27 ga sauran rukunonin da aka bari a baya, sai kuma kashi 10 da aka ƙara a 2019 ga masu ƙaramin ƙarfi daga sauran jama'a. Masu buƙata ta musamman suna da kashi 5 a cikin kowane rukuni. Kowane rukuni da nasa jerin matsayi, da tasa lambar rufewa. Daga 2018 aka fara ƙirƙiro ƙarin kujeru don mata a IIT, har aka kai su kashi 20 cikin ɗari a 2020, kuma kujerun ƙari ne a kan na da, ba a rage wa kowa nasa ba. A NIT kuwa rabin gurabe na 'yan jihar da makarantar take ne, rabi na 'yan sauran jihohi, shi ya sa yara biyu masu matsayi ɗaya za su nemi kwas ɗaya, ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da jami'o'in tarayya a Najeriya su ma kashi 45 suke bayarwa bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin jami'a, kashi 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. Wanda ya ɗauki lambar wani rukuni ya auna kansa da ita ya yi aikin banza.

Akwai kuma maganar zagaye. Rabon ba sau ɗaya ake yi ba, zagaye biyar ne ko shida. Wanda aka ba gurbi yana iya riƙe shi ya ce ya gama, ko ya riƙe yana jiran mafi kyau a kowace makaranta, ko ya riƙe yana jiran kwas mafi kyau a cikin makarantar da ya samu. Duk wanda ya matsa gaba ya bar kujera, na bayansa ya hau, lambar rufewa ta ƙara faɗi. Jadawalin da bai faɗi zagayen da ya ɗauko lambarsa ba, rabin labari ya bayar.

Kuskure mafi ciwo shi ne wanda tsoro ke jawowa. Yaro ya ga hasashe ya ce ba zai sami wani kwas ba, sai ya ƙi rubuta shi, ko ya sa shi can ƙasa. Alhali a wannan tsari babu asara ga wanda ya sa babban burinsa a sama: in bai samu ba, na'urar za ta gangara zuwa zaɓinsa na gaba ba tare da ya rasa komai ba. Amma in ya sa ƙaramin zaɓi a sama aka ba shi, na ƙasan nan ba za a sake duba su ba, ko da lambarsa ta isa. JoSAA kan yi rabon gwaji sau biyu kafin a kulle zaɓi, don kowa ya ga inda zai faɗa. Wannan gwajin ya fi duk wani hasashen kasuwa amfani, domin da zaɓin ɗaliban bana aka yi shi.

Me ya sa kwamfuta ce ke rufewa da wuri haka? Albashi ne da labarin albashi. Tun daga shekarun 1990 da kamfanoni irin su Infosys da TCS da Wipro suka bunƙasa, birnin Bangalore ya zama cibiyar manhaja, iyaye suka tsayar da cewa kwamfuta ce hanyar fita daga talauci. Duk shekara jaridu na buga labarin wasu 'yan tsiraru da kamfanonin Amurka suka ɗauka da albashi mai tsoka, ba a kuma ba da labarin dubban da suka fita da albashi na talaka. Ana bin na gaba, na baya na bin sawu, har lambar rufewa ta zama ma'aunin darajar kwas a idon jama'a. A ganina nan ne aka yi ɓatan kai. Lambar na nuna yawan masu so ne kawai. Ba ta cewa komai game da ingancin malamai ko ɗakin gwaji, balle ta faɗi ko kwas ɗin ya dace da yaron.

A ce yaro ya zo na 4,500. Gabansa akwai kwamfuta a wata sabuwar IIT, akwai kuma injiniyancin gine-gine ko na ƙarafa a tsohuwa mai suna. Babu jadawalin da zai yanke masa wannan hukunci. Sundar Pichai, shugaban Google, injiniyancin ƙarafa ya karanta a IIT Kharagpur. Satya Nadella na Microsoft bai ma shiga IIT ba, a Manipal ya yi digirinsa na farko. Misalan mutum biyu ba su zama doka ba, amma sun isa su rage wa lambar kwarjini.

Kwarjinin nan kuwa yana da tsada. Garin Kota da ke jihar Rajasthan ya zama kasuwar lesin, inda ake kai yara 'yan shekara goma sha biyar ko sha shida su zauna a ɗakunan haya, nesa da iyaye, shekara biyu suna warware tambayoyi dare da rana. Wasu iyayen gona suke sayarwa ko su ci bashi. A 2023 kaɗai fiye da ɗalibai ashirin suka kashe kansu a garin, abin da ya sa gwamnati ta fito da ƙa'idoji ga cibiyoyin lesin a farkon 2024, ciki har da hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 16 ba. Ga shi kuma JEE ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Jihar Maharashtra na da tata jarrabawar, Karnataka da Bengal ta Yamma ma haka, Tamil Nadu da makin ajin ƙarshe na sakandare take ɗauka, jami'o'i masu zaman kansu irin su BITS Pilani na shirya tasu. Mafi yawan injiniyoyin manhajar da Indiya ke tinƙaho da su ta waɗannan ƙofofin suka shiga.

Ga ɗalibanmu da ke sha'awar karatu a can, lambobin da ake yaɗawa ba su shafe su ba. Baƙo na iya zama JEE Advanced kai tsaye ba tare da ya bi ta JEE Main ba, kuma kujerun baƙi daban aka ware su, ƙari a kan na 'yan ƙasa. Akwai shirin Study in India da gwamnatinsu ta ƙaddamar a 2018, akwai tallafin karatu na hukumar ICCR, sannan IIT Madras ta buɗe reshe a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya a 2023, inda ta fara da kimiyyar bayanai da ƙirƙirarriyar basira, tana ɗaukar ɗalibai da nata gwajin. Duk dillalin da ya nuna maka lambar rufewa ta 'yan Indiya don ya tsorata ka ko ya karɓi kuɗinka, ka nemi ya nuna maka ƙa'idar ɗaukar baƙi a shafin makarantar kanta.

A gida ma haka abin yake. Mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa bayan taronta da shugabannin makarantu, 140 a 2024 da 150 a 2025 ga jami'o'i, izinin nema ne kawai. Makin da sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello zai tsaya a kai ya dogara ne da yawan kujeru da ƙarfin waɗanda suka nema a shekarar. Iyaye da ɗalibai su nemi makin da aka rufe da shi a shekaru biyu ko uku da suka wuce, na sashen da suke so kuma na rukunin da suke ciki, sannan su tanadi zaɓi na biyu da yaron zai iya karantawa da zuciya ɗaya tun kafin sakamako ya fito.