Wa Ya Kitse Gezar Doki Cikin Dare?

Doki ba ya barcin kirki. Awa uku ta ishe shi a yini, mafi yawa a tsaye, domin jijiyoyin ƙafafunsa suna ɗaure gaɓoɓi har ya yi gyangyaɗi bai faɗi ba. Idanunsa na gefen kai, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi, kunnuwa kuma ba sa hutawa. Dabbar da ke raya dare haka, dole mutane su ce tana ganin abin da ba mu gani. Shi ya sa a ƙasar Hausa ake rataya masa laya a wuya, 'yan bori kuma suke kiran wanda iska ta hau doki, mace godiya.

Manoman Faransa na dā ma suna da nasu mutanen ɓoye, lutin: ɗan guntun aljani, sau da yawa da jar hula, wanda ba abin da yake so kamar barga. In gari ya waye aka tarar da doki sharkaf da gumi, gezarsa a kitse, sai a ce lutin ya yi sukuwa a kansa, kitson nan likkafarsa ce. A tsaunukan Savoie, gabas da Liyon, servan suke ce masa. Maganinsa shi ne a ajiye ƙwaryar ƙananan hatsi a hanyarsa; in ya yi tuntuɓe ya zubar, sai ya tsince ƙwaya ɗaya-ɗaya, daga nan ba ya sake dawowa. Paul Sébillot ya tattara irin waɗannan labarai a littattafan da aka buga a Paris daga 1904 zuwa 1907. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji Bahaushe, labarin kuwa ya ƙetara teku har Kanada.

A Liyon aka zo wa lamarin ta wata ƙofa. Claude Bourgelat, shugaban makarantar koyon hawa ta birnin, ya sami izinin Sarki Louis na 15 a 1761 ya kafa makarantar likitan dabbobi ta farko a duniya, bayan 'yan shekaru ya buɗe ta biyu a Alfort, bakin Paris. Likitan dabbobi ya san doki ba ya iya amai. Ciwon ciki in ya murɗe shi cikin dare, gumi yake yi, ya yi ta birgima, geza ta cukurkuɗe, wani lokaci kafin asuba ya mutu. Ƙaiƙayi da kaɗawar iska ma suna kitsa geza.

Ba na raina tsohon manomin nan. Ya lura dokinsa ya kwana cikin wahala, ya tashi neman dalili, alhali masu dawaki da yawa a yau sai hawan sallah ya gabato suke leƙa turke. Dokin da ya wayi gari jiƙe da gumi, a duba kashinsa, a kasa kunne a cikinsa, in ya ƙi harawa a kira likita tun rana ba ta ɗaga ba.