Na'urar Kiɗa ta Analog: Yadda Take Aiki da Abin da Makaɗa Suka Gano Game da Ita

Na'urar kiɗa akwati ce mai aiki da lantarki wadda take fitar da amon ganguna ba tare da fata ko gula ba. Iri biyu ce. Ta dijital tana ɗauke da sautin ganga na gaske da aka naɗa aka adana a cikinta, sai ta riƙa maimaita shi. Ita kuwa ta analog ba ta adana sauti: duk lokacin da aka taɓa ta, ƙananan kayan lantarkin da ke cikinta ne suke ƙirƙiro sautin nan take. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da makaɗa suke yabawa ko suke kuka da shi game da ita.

Kowace ganga a cikin akwatin tana da nata layin wuta. Domin samar da amon babbar ganga, ana aika ɗan bugun lantarki zuwa wani sashe, sai ya yi rawa da ƙaramar murya mai kauri, sannan ya lafa a hankali. Domin ƙaramar ganga mai tsartsi, ana gauraya wannan rawar da wani shuu irin na rediyon da bai kama tasha ba. A saman akwatin akwai maɓallai da ake murzawa: wani yana ƙara ƙarfi, wani yana tsawaita amo, wani yana ɗaga murya ko ya sauke ta. A ƙasa kuma akwai jerin maɓallai 16, kowanne yana wakiltar taki ɗaya na kiɗan. Makaɗi zai zaɓi ganga, ya danna wuraren da yake so ta buga, fitilunsu su kama, sai na'urar ta yi ta zagayawa a kansu har a tsayar da ita.

Kamfanin Wurlitzer na Amurka ya fitar da na'urar kiɗa mai suna Sideman a 1959 domin raka masu kaɗa organ. A Japan, kamfanin Roland na Ikutaro Kakehashi ya fitar da CR-78 a 1978, wadda Phil Collins ya yi amfani da ita a waƙarsa In the Air Tonight. Sai TR-808 ta biyo baya a 1980. Da farko ba ta yi kasuwa ba, domin makaɗa sun ce amonta bai yi kama da na ganga ba, ga kuma Linn LM-1 mai sautin gaske ta fito a shekarar. An ƙera kusan 12,000 kafin a daina a 1983. Faɗuwar farashinta a kasuwar kayan hannu ita ta kai ta hannun matasa marasa ƙarfi. A 1982 an ji ta a Sexual Healing ta Marvin Gaye da Planet Rock ta Afrika Bambaataa, daga nan kaurin amonta ya zama ginshiƙin kiɗan hip hop. Ƙanwarta TR-909 ta 1983 ita ta riƙe kiɗan house na Chicago da techno na Detroit.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, kiɗan lantarki ya shigo ne ta jikin organ da piyano. A Yamai, Mamman Sani ya sami organ ɗin Orla ƙirar Italiya, ya naɗi kaset a 1978, kuma an daɗe ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013. A Kano kuwa, daga tsakiyar shekarun 1990, piyanon Yamaha samfurin PSR ya mamaye situdiyoyin waƙoƙin fim, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a bincikensa. Gangunan da ke cikin wannan piyano na dijital ne, kuma da su aka gina kiɗan nanaye, wanda fim ɗin Sangaya ya ƙara yi wa farin jini. Daga baya manhajoji irin su FL Studio suka shigo, ɗauke da kwafin sautin 808. Ke nan kunnen Bahaushe ya saba da amon analog tun kafin yawancin makaɗa su taɓa ganin akwatin da ido.

Haka abin yake har a garuruwa irin su Gaya da Ajingi. Matashin da yake son naɗar waƙa yakan bi ta Wudil ya shiga Kano, inda situdiyoyi suka taru a wurare irin su titin gidan Zoo, ko kuma ya haɗa kiɗansa a kwamfuta ko waya a gida. A wajen biki, kaurin da yake girgiza lasifika har a ji shi a ƙirji sau da yawa jikan 808 ne, yayin da a gefe guda mai kalangu yake nan da sana'arsa.

Abu na farko da masu amfani da na'urar analog suke yabawa shi ne aiki da hannu. Kowane sauti yana da maɓallinsa a fili, ba sai an shiga neman sa a allon kwamfuta ba. Makaɗi yana iya murza tsawon amo ana tsakiyar waƙa, ya cire ganga ɗaya, ya dawo da ita daidai inda amshi zai shigo. Na biyu shi ne rai: da yake ana ƙirƙiro sautin ne sabo, bugu biyu ba sa zama iri ɗaya sak, kuma tsofaffin akwatuna biyu masu suna ɗaya ba sa yin amo ɗaya. Na uku shi ne ƙarancin zaɓi. Wanda ke da ganguna kaɗan yakan mai da hankali ga tsarin kiɗa maimakon ɓata dare wajen tantance ɗaruruwan sautuka.

Matsalolin ma a bayyane suke. Yawancin waɗannan akwatuna ba sa tuna inda aka ajiye maɓallan murzawa, saboda haka makaɗa kan ɗauki hoton fuskar na'urar ko su yi alama da alƙalami kafin su tashi. Zafi yana ɗan sauya muryarta, kamar dai yadda fatar ganga take saki da damina ta ɗaure da rani. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai ta sa su ƙarƙara. Wutar janareta mai hawa da sauka tana jawo gurnani a lasifika, tana ma iya ƙona kayan ciki, don haka ana bukatar sitabilaiza ko batirin sola, da mayafin rufewa. Yanzu kuwa tsohuwar 808 ta asali ta yi tsadar da sai mai hali, ko da yake Korg ya fitar da Volca Beats a 2013, Behringer kuma ya fitar da RD-8, duka a farashi mai sauƙi.

Babban gwaji ga makaɗin Hausa shi ne daidaita ta da kiɗan gida. Kaɗe-kaɗen gargajiya da yawa suna tafiya ne uku-uku, alhali na'urar ta fi sabawa da huɗu-huɗu. Maganin shi ne a mai da zagayen taki 12 a maimakon 16, a kuma yi amfani da maɓallin ƙarfafa bugu domin wasu wurare su fi wasu nauyi. Amma akwai iyakar da ba ta ƙetarewa. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, ya ɗaga murya ya sauke ta a cikin bugu ɗaya, har kalangun ya faɗi take ko kirarin mutum, domin Hausa harshe ne mai karin sauti. Yana kuma kallon fili, ya ƙara wuta idan mai rawa ya zabura, ya sassauta idan mawaƙi zai yi magana, kamar yadda makaɗan Mamman Shata suka riƙa bin bakinsa. Na'ura ba ta san wanda ya shigo fili ba.

Saboda haka tsarin da ya fi dacewa a situdiyo shi ne rabon aiki. Na'urar ta riƙe taki da kaurin ƙasa, a fitar da kowace ganga ta wayarta daban domin a gyara ta ita kaɗai, sannan a naɗi kalangu ko kotso da makirfo a ɗora a sama. Da haka waƙa take samun tsayayyen taki daga lantarki, ta kuma sami magana daga hannun makaɗi.