Ciwon Asma Da Maganin Gida: Abin Da Falke Zai Riƙe A Hanyar Jazira

Jama'a, duk wanda ya yi harkar shanu tsakanin Wad Madani, Sinnar da Damazin ya san ƙurar wannan ƙasa. Daga watan Mayu zuwa Yuli guguwar nan da Larabawa ke kira habub takan taso ta rufe rana. Ga ƙurar kara ranar kasuwa, ga ta dusa da angurya wajen ba dabbobi abinci, ga hayaƙin gonakin rake in an sa musu wuta kafin sara. Mai lafiya tari zai yi ya wuce. Mai asma kuwa, wadda a Sudan ake ce wa azma, ƙirjinsa ne zai ƙulle, numfashi na fito kamar usur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke da ciwon, kuma ya kashe dubu 455, akasarinsu a ƙasashen talakawa.

A Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, da sauran ƙauyukan Hausawa, magani biyu ne ya haɗu: wanda kakanni suka zo da shi da wanda suka tarar. Za ka ga zuma da citta da habbatus sauda, za ka ga hulba da harjal, da bagaruwa wadda nan ake kira garad. In mura ta kama mutum, ruwan ɗumi da zuma da citta na sanyaya maƙogwaro ya rage tari, wannan ba musu. Habbatus sauda ma likitoci sun gwada ta a Jidda, aka buga sakamakon a 2017: mutum 80, mako huɗu, waɗanda suka sha manta sun ɗan sami sauƙi. Amma a lura, sun sha ne a kan maganinsu na asibiti, ba wanda aka ce ya ajiye nasa. Gahawar jabana kuma takan ɗan buɗe hanyar iska na 'yan sa'o'i, ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Inda nake da ja shi ne hayaƙi. Mutanenmu na ƙona garad su shaƙa, ga turaren wuta a ɗaki, ga dukhan na itacen talha da iyalinmu ke yi. Ƙamshi kam akwai shi, amma huhun mai asma bai san ƙamshi ba, hayaƙi kawai ya sani. Wasu har ganyen zaƙami suke busawa kamar taba. Turawa ma sun yi haka a da, suka bari, domin guba ce mai juya hankali. Haka ƙullin garin magani na 'yan kasuwa da ke "aiki nan take": an sha samun irinsa da ƙwayar dexamethasone a daka ciki. Mu da muke sayen ta don dabbobi mun san ƙarfinta. Mutum ya daɗe yana sha sai fuska ta kumbura, ga ciwon sukari, ga hawan jini, ƙashi ya yi rauni. Allurar shanu kuwa ta shanu ce.

Abin da ke buɗe ƙirji in ya ƙulle shi ne shuɗin abin shaƙa, Ventolin, wanda 'yan Sudan ke kira bakhakh. Akwai na biyu, na kullum, mai hana kumburin hanyar iska. Tun 2019 masana suka daina yarda mutum ya dogara da shuɗin shi kaɗai. Zancen wai in ka fara ba ka iya bari, zancen bakin kara ne. Wata dabara da aka gwada kan yara a Afirka ta Kudu a 1999: a huda gindin gorar roba ta rabin lita, a cusa bakin abin shaƙa, a fesa sau ɗaya, a ja numfashi ta bakin gorar. Magani ya fi isa huhu. In ciwo ya tashi, a zaunar da mutum, kada a kwantar da shi, a yi fesa ɗaya kowane minti har goma. In ba ya iya gama magana, ko leɓe ya sauya launi, a bar shanu da yara a nemi mota.

Batun abinci gajere ne. Kayan lambu, ganye, kifin kogi, da rage teɓa ga mai ita. Wanda ya lura gyaɗa ko riɗi na tayar masa, ya bari. Wanda ba ya tayar masa, ya ci abinsa. Asfirin da diclofenac da muke haɗiya bayan doguwar kora sukan tayar wa wasu, farasitamol ya fi aminci. Tari kuma in ya wuce mako biyu da rama da zufar dare, a je a auna, wataƙila tarin fuka ne, kuma nonon da ba a tafasa ba na kawo shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a 2024, asibitoci da shagunan magani da yawa sun lalace. Saboda haka mai tasowa daga Habasha, Chadi ko Sudan ta Kudu ya sayi bakhakh biyu tun can, ya duba ranar lalacewarsu. Ɗaya a aljihun 'yar ciki, ɗaya wajen babban yaron kora, kada a bar su a gaban mota rana na dukansu.