Fertorakos, ƙauyen da iyaka ta iske har gida

Ƙauyen Fertorakos yana can yammacin ƙasar Hangari, kusa da birnin Sopron, a bakin tafkin Ferto. Sunansa ya fara bayyana a rubuce a 1199, kuma shekaru aru-aru yana hannun bishop na birnin Gyor. Har yau fadar bishop ɗin na tsaye, haka ma ginshiƙin dutsen da ake ɗaure masu laifi don su sha kunya a bainar jama'a.

Dutse ne arzikin garin. Tun zamanin Romawa ake sarar farin dutsensa mai laushi, daga baya aka riƙa kai shi birnin Biyana na Ostiriya ana gina manyan gidaje. Masu sara suna bin jijiyar dutsen mai kyau zuwa cikin tudu, suna barin ginshiƙai don kada rufin ya rufta musu, har wurin ya zama zaure bayan zaure. A jikin bangon ana ganin ɓawon halittun ruwa, domin teku ne ya taɓa shafe yankin. An daina aikin a 1948, yanzu dandalin wasannin kiɗa ne.

To ina iyaka ta shigo? Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka yanka yammacin Hangari aka bai wa Ostiriya. A Disambar 1921 Sopron da ƙauyuka takwas suka kaɗa ƙuri'a kan ko su zauna a Hangari ko su koma Ostiriya. Galibin mutanen Fertorakos, waɗanda Jamusanci suke yi, Ostiriya suka zaɓa, amma an haɗa ƙuri'un yankin ne wuri guda, sai birni ya rinjaye su, suka zauna a Hangari. A 1946 aka kori yawancinsu zuwa Jamus, aka zuba wasu a gidajensu. Wannan ne, a ganina, babban raunin garin, don al'adu da dama sun bi masu su. Sai kuma waya mai ƙaya da nakiyoyi suka raba ƙauyen da maƙwabtansa na Ostiriya.

Ranar 19 ga Agustan 1989 aka shirya wani taron cin abinci a filin da ke kusa, da niyyar buɗe tsohuwar ƙofar iyaka na awa uku. 'Yan Jamus ta Gabas sama da 600 suka yi dafifi suka kutsa Ostiriya. Árpád Bella, shugaban masu gadin, bai bari an yi harbi ba, kuma ya cancanci yabo. Kafin wata uku Katangar Berlin ta faɗi.

Tun 2001 yankin tafkin yana cikin wuraren tarihi na UNESCO. Zurfin ruwansa bai kai mita biyu ba, shi ya sa dogayen ciyayi masu kama da gamba suka mamaye gefensa. Da hunturu ake yankar su, lokacin da suka bushe kuma babu tsuntsu a kan ƙwai, a ɗaure dami-dami a sayar wa masu rufin jinka har ƙasashen waje.