Samra, Inda Ruwan Kwatar Amman Ke Komawa Gona

A yawancin unguwannin Amman sau ɗaya a mako ake kawo ruwan famfo, shi ya sa kowane soro yake ɗauke da tankuna. Rabon ruwan da ke sabuntawa ga kowane ɗan Jodan bai kai kubik mita 100 a shekara ba, alhali masana na cewa ƙasar da ta gaza 500 ta shiga matsanancin ƙaranci. Mai irin wannan hali ba ya zubar da ruwa don kawai an yi wanki ko an kewaya da shi. Wannan ne asalin matatar ruwan datti ta Samra, arewa maso gabas da Amman, wadda ke karɓar wajen kashi 70 cikin ɗari na ruwan dattin da ake tacewa a ƙasar.

A 1985 aka fara, da dabara mai arha: manyan kududdufai a fili kusan hekta 200, a tara ruwan a bar rana da iska da gansakuka su yi aikinsu. Kubik mita 68,000 a rana aka auna musu. Sai birni ya yi ta cika. Rikicin Kuwait na 1990 ya koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa Jodan, kafin a ankara abin da ke kwararowa ya ninka ƙarfin kududdufan har ya wuce. Kududdufi kuwa lokaci yake so. In aka yi masa gaggawa, ruwa ya fita kusan yadda ya shigo, wari ya hana ƙauyukan kusa sakat, kogin Zarka ya kwashi dattin ya kai madatsar Sarki Talal.

Sabuwar matatar da ta fara aiki a 2008 a lokacin tana iya tace kubik mita 267,000 a rana, kuma aikinta ya sha bamban. Ana fara tsame tsummoki da leda da yashi, a bar ruwan ya kwanta a manyan kwamaye masu zagaye har taɓo ya zauna a ƙasa. Daga nan sai tankunan da ake hura wa iska dare da rana. Ruwan cikinsu ruwan ƙasa-ƙasa ne, yana ta ɓulɓula, cike da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke cinye dattin. Ma'aikacin matata makiyayi ne, garkensa waɗannan ƙwayoyi: in iska ta yanke na dogon lokaci, ko wata masana'anta ta sako guba a magudana, garken ya mutu, sai an yi makonni kafin ya farfaɗo. Bayan nan a sake kwantar da ruwan, a sa masa sinadarin kulorin, a sake shi.

Hura iskar nan ita ke cin wuta, kuma kuɗin wuta ke kashe matatu da yawa a ƙasashe masu tasowa. A Samra an yi wayo. Amman na kan tudu, ruwan dattin yana gangarowa cikin bututu da ƙarfi, sai aka ɗora masa injin farfela a bakin shiga, aka sa wani a mafita. Taɓon da aka tara kuma ana rufe shi a tankuna marasa iska, ya ruɓe ya ba da gas, gas ya juya janareta. Da waɗannan matatar ke samar wa kanta wajen kashi 80 cikin ɗari na wutar da take sha.

Faɗaɗawar da aka soma a 2012 aka gama a 2015 ta kai ta kusan kubik mita 365,000 a rana, daidai lokacin da 'yan gudun hijirar Siriya ke tururuwa. Hukumar MCC ta Amurka ta ba da kyautar dala miliyan 93, sauran ya fito daga gwamnati da bankuna da kamfanonin da ke tafiyar da wurin a lokacin, Suez ta Faransa da Morganti. A ganina nan ne sirrin yake, ba a siminti ba. Wanda ya gina shi ne zai riƙe na shekara 25, bashin banki na wuyansa, biyansa kuma na rataye da ingancin ruwan da ya fitar. Irin wannan ɗan kwangila ba ya yanka kintinkiri ya kama gabansa.

Akwai kuma masu jiran ruwan. Daga madatsar Sarki Talal yake sauka kwarin Jodan, inda manoma ke ban-ruwa da shi, ruwa mai daɗi da a da ake ba gonaki kuma a juya shi zuwa famfunan birni. Musaya ce, kowa ya samu. Mai karatu a Kano ba baƙo ba ne ga rabin wannan labari: latas da kabeji da alayyahun da ake nomawa a gaɓar Jakara da Getsi da ruwan kwatar birni ake shayar da su, har da na masana'antun Bompai. Manomin Jakara ya daɗe da sanin cewa ruwan kwata ba ya ƙafewa da rani kuma yana ɗauke da taki. Matata ce kawai babu tsakaninsa da kwatar.

Kada dai a ɗauka Samra ta gama komai. Irin wannan tacewa ba ta cire gishiri, ruwan yana da zartsi, kuma gonar da aka daɗe ana shayarwa da shi sai an riƙa wanke ƙasarta, in ba haka ba amfanin da ba ya jure gishiri ya tsumbure. Dokar ƙasar ma ta hana shayar da ganyen da ake ci ɗanye da ruwan matata kai tsaye. Sai kuma taɓo. Ko bayan ya ba da gas an matse shi an shanya, tulinsa na ƙaruwa kullum, ƙa'idojin zuba shi a gona masu tsauri ne, don haka aka daɗe ana jibge shi a filin da ke gefen matatar. Duk kubik mitar da aka ƙara wa ƙarfin matatar, nata kason taɓon na tafe.